Yadda rinin Ƙofar Mata ya rage min hayaniyar kai

Sana'ata gyaran waya ce, a Farm Centre nake zama a nan Kano, kuma duk wanda ya san wajen nan ya san ba wajen da mutum zai zauna da kwanciyar hankali bane. Janareta na kuka ta ko ina, masu talla na ihu, kai kuma ka duƙa kan fanel da ƙwayar ido ɗaya kana neman layin da ya yanke wanda bai kai kaurin gashi ba, ga mai wayar a tsaye a kanka yana cewa oga don Allah yi sauri mota zan shiga. Wani ma sai ka gama ya ce ai da ya kawo ta sifika na yi, kai ka lalata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara caɓewa, kuɗin man janareta kawai ya isa ya hana ka barci, kayan gyara kuma kullum ka je sari sai ka ji sabon farashi.

Abin ya fara nuna kansa a jikina. Wuya ya riƙe, kai na sarawa da yamma, in na koma gida yaro ya yi ɗan kuka sai in ji kamar in fasa ihu, da daddare kuma in kwanta ina ta lissafin wayar wa na bari a buɗe da wanda nake bi bashi har biyun dare. Na je asibiti aka auna ni aka ce jinina ya ɗan hau, aka bani shawara da magani, kuma ina sha, wannan daban. Likitan ya ce min jiki baya bambance kwastoma mai masifa da haɗari na gaske, duk ɗaya yake ɗaukarsu, sai ya sako sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri da tsokoki su ɗaure, to in kullum haka ake wuni ba sassauci dole wani waje ya gaji. Ya ce in nemi abin da zan riƙa yi wanda ba aiki ba. Na ce to. A raina na ce mutumin da ke neman na cefane ina ya ga wani abin yi wanda ba aiki ba.

Ƙanwata ce sanadi, za ta yi biki tana son a rina mata wasu fararen yadi irin na gargajiya na baba, ganyen nan da ake rinin shuɗi dashi, ta aike ni marinar Ƙofar Mata, nan kusa da asibitin Murtala. Wallahi haifaffen Kano ne ni amma ban taɓa shiga ba, wucewa kawai nake a adaidaita ina ganin ƙofar da aka rubuta 1498 a jiki. Wato tun ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kenan ake cewa ana rini a wajen. Rijiyoyin sun fi ɗari amma kaɗan ne ke aiki yanzu, sauran sun bushe wasu ma shara ta cike su.

Na tsaya jiran wani dattijo ya gama da ƙyallen da ke hannunsa, to anan na ga abin da ya riƙe ni. Ya tsoma farin yadi a ruwan ya ɗan juya shi a ƙasa ya ɗago, sai na ga ya fito kore kore mai ɗan rawaya, na ce a raina an ɓata wa mutane kaya. Yana riƙe da shi a iska ina kallo koren nan ya fara juyewa, gefe gefe ya fara, kafin minti ɗaya ko biyu ya koma shuɗi. Bai ƙara masa komai ba fa. Na ce Malam me ka sa masa? Ya ce iska ce ta sa masa, ni ban sa komai ba. Ya sake maida shi ya sake ɗagowa, kowane zuwa shuɗin na ƙara duhu.

Ranar Lahadi da bana fita kasuwa na koma na roƙe shi ya bar ni in riƙa zama ina taya shi. Ya dube ni ya ce yaro hannunka zai yi baƙi matarka ta kore ka. Na ce ta saba da warin dalma. Haka na fara.

Abu na farko da na lura dashi, kuma har yanzu ina ganin shi ne rabin maganin, in hannunka na cikin ruwan baba ba ka isa ka taɓa waya ba. Tana aljihu tana ta ɓari, ka san kwastoma ne ko mai bin kuɗin sikirin, amma hannu biyu sun jiƙe sharkaf da shuɗi har gwiwar hannu, ko ka so ɗauka ba hali. Ni da na sha cewa zan kashe waya awa biyu in huta ban taɓa iyawa ba, ashe abin da nake buƙata a ɗaure min hannu ne. Na biyu kuma aikin baya karɓar gaggawa sam. A shago in na ƙara wa bulowa, na'urar hura iska mai zafi da muke narka dalma da ita, zafi aiki na sauri, in na ƙara ƙoƙari ina ƙara samu. Nan kuwa ka tsoma, ka ɗaga, ka jira iska ta gama nata, in ka yi azarɓaɓi ka maida kafin ya juye to launin ba zai kama da kyau ba. Mai duhu sosai sai a wuni ana tsomawa ana ɗagawa. Tun ina ƙosawa ina duba rana har na ga numfashina da kansa ya bi tafiyar hannun, na daina jin wuyan nan.

Amma ni mutum ne mai son sanin dalili, sana'ar ce ta koya min, in waya ta ƙi caji sai na san ko wace ƙafa ce ta mutu. Sai na shiga intanet da daddare ina karanta meye ke faruwa a ramin nan, maimakon lissafin bashi. Abin da na gano ya bani mamaki sosai. Ashe shuɗin baba baya narkewa a ruwa ko kaɗan, in ka zuba shi haka nan a bokiti ka tsoma yadi wankewa kawai zai yi. Dole sai an canja masa siffa tukuna ya koma wani abu mai narkewa wanda ba shuɗi ba, shi ne koren nan da na gani, a haka yake ratsa zaren auduga ya shige ciki, da an ɗago iskar oksijin ta taɓa shi sai ya koma asalinsa wanda baya narkewa, ya maƙale a cikin zaren ba hanyar fita. To wa ke canja masa siffar a ramin? Ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, su ke cinye iskar da ke ruwan su juya baban, kuma basa rayuwa sai a ruwa mai kaifi irin na toka. Shi ya sa ake zuba toka da kanwa, shi ya sa ake barin ramin makonni yana ruɓa kafin a fara aiki dashi, shi ya sa warin nan da baƙi ke toshe hanci saboda shi. Ramin ma da aka yi shi mai zurfi da ƙaramin baki, wasu sun kai wajen mita shida, hikima ce, ruwa mai yawa amma inda iska ke taɓawa kaɗan, ƙasa kuma na riƙe masa ɗumi dare da rana.

Na sayi takardar gwajin kaifin ruwa irin ta ɗakin gwaje-gwaje na makaranta na kai na tsoma a gaban Malam, ta nuna wajen 10 zuwa 11, daidai da abin da na karanta. Ina ta murna ina masa bayani. Ya tsoma yatsa biyu ya murza ya ji santsin, ya sunsuna, ya dubi kumfar da ke sama mai ƙyalli kamar jan ƙarfe ya ce wannan gobe yana son ƙarin toka. Bai san kalmar bakteriya ba amma yana cewa ramin ya gaji, ramin na jin yunwa, ramin ya mutu, kuma in ka duba duk gaskiya yake faɗa tunda abu mai rai yake kiwo a ciki. Har laƙar da ke taruwa a ƙasan ramin basa zubarwa, katsi, ana busar da ita a ƙona a haɗa laso da ita, da shi ake shafe jikin ramin kada ya yi yoyo, magina ma da shi suke shafe soraye a da.

Wannan ne yasa nake jin haushin yadda ake raba mu tun a sakandare, wai wannan ɗan ajin kimiyya wannan ɗan ajin fasaha da adabi, har ana ganin na biyun kamar wanda kansa bai ja ba. Matan da ke ɗaure yadin nan a cikin gida da zare kafin a kawo marina, su ke fitar da zanen, in ka ga yadda suke ninka ƙyalle gida huɗu ko takwas su ɗaure waje ɗaya ya fito sau huɗu ko takwas ɗin daidai wa daida, su san iya ƙarfin da za su ja zare don ruwan ya ratsa kaɗan ya bar inuwa inuwa ba fari fat ba, ai lissafi ne zalla. Na gwada nawa ɗaurin, da'ira nake so, abin da ya fito ya fi kama da taswirar wata ƙasa, amma shi na shimfiɗa a kan teburin shago yanzu.

Kuma shuɗi ɗinnan ya wahalar da masu kimiyya ba kaɗan ba. Lokacin da wani Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannun kayan garin nan na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, duk da ganyen baba ake yi. Wani Bajamushe Adolf von Baeyer ya shafe shekaru yana fama kafin ya haɗa irinsa a ɗakin gwaji wajen 1880, sai a 1897 kamfanin BASF ya iya fitar da shi kasuwa da yawa, daga nan noman baba na Indiya ya durƙushe, namu ma sannu a hankali ya bi. Wandon jins ɗin da kowa ke sawa yau da irin wannan baban na kamfani ake rina shi, kuma dabarar ɗaya ce, a tsoma a ɗaga a ba iska. A ɓangarena ma haka, ƙwan LED ja tun 1962 aka yi shi amma shuɗi ya gagara sai farkon shekarun 1990 da wasu Japanawa uku suka samo kansa, Akasaki da Amano da Nakamura, har aka basu kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ke bayan sikirin ɗin da nake canjawa kullum, da na tocilan da ƙwan sola, yawanci shuɗin nan ne aka shafa masa wani sinadari mai rawaya a kai. Na faɗa wa Malam wannan ya ce to su ma sun sha wuya kenan, Allah ya biya su.

Na gwada yi a gida irin yadda masu rinin shadda ke yi da soda da haidiro, garin sinadarin da ke yin aikin bakteriyar nan, a bokiti. Cikin ƙasa da awa ɗaya ruwan ya haɗu ba jiran makonni, launi ma ya fito. Sai dai warin na shaƙe maƙogwaro, dole safar hannu mai kauri don sodar na cin fata, ga fargabar kada yara su matso, ga tunanin inda zan zubar da ruwan. Na gama a gajiye kamar na wuni a shago. Wanda zai yi sana'a dashi ya yi, hanya ce mai kyau ta samu, amma ni ba launin nake nema ba sai na bar shi.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa don kada labarin ya yi daɗi da yawa. Abin da ni nake hutawa dashi su marinan shi ne damuwarsu. Ni in na wanke hannu na tafi ina da shago, su kuwa kasuwar ce ta ja baya, atamfa da yadin waje sun cika Kantin Kwari da araha, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'ar, Turawan da ke zuwa yawon buɗe ido su saya sun ragu. Akwai ranar da na ga Malam ya wuni bai yi ciniki ba, shirun da ya yi irin nawa ne na biyun dare. Don haka bana zuwa hannu rabbana, ina biyan abin da na ɓata na ruwa da yadi, kuma duk wanda zai je ya koya don Allah ya yi haka. Bashina ma yana nan bai ragu da sisi ba saboda na iya rini, barci dai ya dawo, kuma yaran sun daina shiga ɗaki in sun ji ƙarar babur ɗina.

Yanzu abin da nake taya su dashi shi ne ɗaukar hoton kayan in sa a Facebook da WhatsApp, an ɗan samu masu saye daga Abuja da Kaduna. Matsalar da ta tsaya min kyamarar waya bata ɗaukar shuɗin nan daidai, ita ke gyara launi da kanta, a rana ta maida shi mai haske kamar bula, a inuwa ta maida shi kusan baƙi, har wata hajiya ta kira ta ce ba shi ta gani a hoto ba. Na fara ajiye farar takarda a gefen yadin in kulle daidaiton farin da hannu kafin in ɗauka, ya ɗan gyaru, amma mai duhun nan da ke ɗaukar ido ja ja in an buga shi har yanzu ya ƙi fitowa. Malam ya ce in je Kura wajen masu bugu in ga yadda suke sa wa turkuɗi ƙyallin da Buzaye ke saye, wai sai na ga yadda ake yinsa zan san ta inda zan tsaya da wayar. Bayan sallah nake son zuwa in Allah ya kai mu.