Na shiga cikin HMS Belfast

Jiya na kai ziyara jirgin ruwan yaƙin nan HMS Belfast da ke ɗaure a kogin Thames a Landan, kusa da Tower Bridge. Tun 1971 ya zama gidan tarihi, amma wallahi da na sauka ƙasa wajen injina, sai jikina ya yi sanyi.

An sa shi a ruwa a 1938. Yaƙin Duniya na Biyu bai jima da farawa ba, a Nuwamba 1939, ya ci karo da nakiyar Jamus, gyaransa ya kai har 1942. Daga nan ya shiga rakiyar jiragen da ke kai wa Tarayyar Sobiyet kaya ta tekun Aktik, inda ƙanƙara ke daskarewa a kan bindigogi.

Abin da ya hana ni barci shi ne daren 26 ga Disamba 1943, da aka nutsar da Scharnhorst, jirgin ruwan yaƙin Jamus, Belfast na cikin waɗanda suka far masa. Mutum kusan 2,000 ne a cikin Scharnhorst, 36 kacal aka tsamo da rai. Samari ne, masu iyaye mata a gida. Na daɗe tsaye ina kallon ruwan.