Saƙon da ban buɗe ba sai bayan kwana tara

Ranar Asabar da ta wuce mun gama zagaye a filin sukuwa na Nasarawa a Kano, kowa yana miƙe jijiya, sai na ji wani yaro cikin 'yan ƙungiyarmu ta masu gudu yana gaya wa abokinsa cewa an tura shi bautar ƙasa Kuros Riba, kuma yana hawa mota zai fice daga zauren WhatsApp ɗinmu. Wai surutu ya yi yawa, data tana ƙonewa, in ya dawo baɗi a mayar da shi. Na ce, "Zo nan, ɗana." Ya zo yana share zufa, idonsa a kan agogon hannunsa: "Na'am, Baba?" Sai bakina ya yi nauyi, don abin da yake shirin yi ni na riga shi.

A 2017 aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Legas. Shekarata shida ke nan ina gudu da mutanen nan, bayan sallar asuba, ko hunturu ko bazara. Har da wasu masu taurin kai guda uku da suka ƙara da ninƙaya da keke, wai shirin tirayatlon suke, iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10, duk a jere. Mu kuwa muna ta tsokanarsu, ina Bakano ina iyo. Mai horar da mu tsohon soja ne, ba ya yawan magana, amma in ka yi fashin kwana uku za ka ji sallamarsa a ƙofar gidanka.

Na kama ɗaki a Surulere, tafiyar minti goma sha biyar zuwa babban filin wasa na ƙasa. Watan farko na fita gudu sau huɗu, daga nan takalmin ya shige ƙarƙashin gado. Kuma a yi mini adalci: wanda zai bar gida ƙarfe biyar don tsere wa gosulo, ya dawo tara na dare, yaushe zai yi gudu? Ga iskar garin mai danshi, zufa ba ta bushewa a jikin mutum. Tumbi ya fara leƙowa. Su kuma kullum sai hoton safiya, sai tambaya: "Ina namu na Legas, nawa ka ci yau?" Sau biyu na yi ƙarya na ce takwas. A na uku na kasa. Na danna wa zauren shiru na shekara guda, lokacin shi ne zaɓi mafi tsawo. Na sayi sabon layi saboda aiki, tsohon na jefa shi a aljihun jaka, ban ba kowa sabuwar lambar ba. Ina ce wa kaina ai ban fita ba. Aiki na ɗora wa laifi, amma kunya ce kawai. Ba ni da abin nunawa, sai na ɓuya.

A watan Fabrairun 2018 aka yi gudun fanfalaki na Legas karo na uku, kilomita 42, daga filin wasan Surulere, a bi ta gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Safiyar nan ina kwance ina tsaki an rufe hanyoyi. Bayan kwana tara na buɗe zauren don neman wata lamba. Ashe mutum bakwai sun taso daga Kano a motar dare. "Ɗan'uwa, gobe muna hanya." "Ka samo mana ko tabarma ce." "Layinka a kashe." Sai hotonsu a barandar wani masallaci, sun yi matashi da jakunkuna, har da tsohon sojan mai ciwon gwiwa. Tsakaninsu da ɗakina bai kai kilomita biyu ba.

To su ma da sun so, ba za su rasa mai ba su lambata ba, haka na dinga faɗa a raina. Ƙarya nake yi wa kaina, wa zai ba su? Da na kira tsohon sojan ina in'ina, abin da ya ce kawai, "Mun zo garinku, mun same ku lafiya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawarwari goma, biyu kawai suka fito. Kada ka fita, kuma ranar da ba ka yi gudu ba ita ce ranar da za ka yi magana, ka ce yau barci ya kayar da ni. Ka kuma ba mutum biyu duk lambar da kake amfani da ita, ka kira su da baki ko sau ɗaya a wata. Ko da yake, ku 'yan yanzu, in aka ce ku riƙe zumunci sai ku mayar da shi ɗora hoto. Mutum ya yi kilomita uku ya tsaya sau huɗu yana gyara hula, in Strava, manhajar auna gudu, bai ɗauka ba wai gudun bai yiwu ba. Ajiye wayar nan! Ka nemi masu gudu a can, Kuros Riba ce fa mai tsaunin Obudu, ka shiga cikinsu, ka manta da mu na awa guda. Amma kada ka manta da mu. Na san maganar ta ci karo da juna, ni ma ban gama warware ta ba.

Ya ce, "To Baba, in sha Allahu," irin to ɗin da ake sallamar tsoho da ita. Jiya da daddare na duba jerin sunayen zauren, nasa yana nan tukuna. Motarsu sai ranar Talata.