Girman kan da ke zuwa sujada da Littafi a hannu

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, to amma a cikin ikilisiya ba ya zuwa da rawani. Ankon zumunta yake sawa, ya riƙo Littafin Waƙoƙi, ya riga kowa isowa. Shi ya sa a majami'unmu na ƙasar Zuru, ko UMCA ce ko ECWA ko Katolika, mutum kan shekara ashirin yana hidima bai taɓa gane cewa kansa yake yi wa ba.

Wa'azi ba ya cika tona shi, don kowa na zaune ne yana raba wa maƙwabcinsa ayoyin. Abin da ke tona shi ranaku ne. Ranar godiyar kaka da aka karanta sunayen waɗanda suka kawo buhun dawa aka tsallake naka. Ranar da aka ba wata yarinya waƙar da ke kika saba ja. Ranar zaɓen dattawa da ƙuri'a ba ta kai ba. Zafin da ya taso maka a ƙirji a wannan lokacin, da maganar da ka yi ta shiryawa a kan babur har gida, su ne ma'aunin. Ko manzanni ba su tsira ba: a Markus 10, Yakubu da Yahaya sun nemi kujerar dama da ta hagu, sauran goman kuma suka ji haushi, ina ganin don an riga su tambaya ne.

Aikin farko na yaƙi da girman kai na dare ne, kuma minti goma ya isa. Kafin ka kwanta, ka tambayi kanka abu biyu: yau a ina na nemi a gan ni, kuma wa ya gyara mini na ƙi ji? Ka faɗa wa Allah da suna da wuri. "Ya Uba, ka gafarta mana zunubanmu" addu'a ce mai kyau, sai dai jam'in nan yakan zama mafaka. Inda ake ɓata wannan aiki shi ne a fara da kai a ƙare da lissafin laifin wasu. Laifi tudu ne. Bafarisiyen Luka 18 ma addu'a ya shiga yi, ya ɓuge da ba Allah labarin mai karɓar haraji.

Sai hidimar ɓoye, bisa Matiyu 6. Zaɓi abu ɗaya a mako wanda ba za a yi sanarwarsa ba: sharar makewayin majami'a, ko mudu biyu na hatsi ga gwauruwa ta hannun wani. Ka riƙe shi wata uku. Wajen mako na uku harshe zai fara ƙaiƙayi, kuma yawanci ta ƙofar "shaida" zancen ke fita. In ya fita, ka sake sabon lissafi.

Mafi wuya shi ne neman gafara. Matiyu 5:23-24 ya sa shi gaba da baiko, wato kafin Lahadi ke nan. Ka je da ƙafarka, kada ka aika. Ka ambaci abin da ka yi, ka ce ka yi kuskure, ka yi shiru. Kalma ɗaya ke rushe shi duka: "amma". "Ki yi haƙuri, amma ke ma…" sabuwar ƙara ce aka shigar. Haka ma "in na ɓata maka rai". A wajenmu akwai ƙarin nauyi, don babba ba ya saba durƙusa wa ƙarami, miji ga mata balle uba ga ɗa. Yesu dai ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa a Yahaya 13.

Kada a ɗauki tawali'u a matsayin mutuwar zuciya. Wanda ake roƙo ya ja addu'a yana ta "ni wane ne" sau biyar, shi ma lallashi yake so. Kuma yin shiru a kan zalunci tsoro ne kawai. Bulus da ya rubuta Filibiyawa 2 a kan tawali'u, shi ne a wannan garin na Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya ce mahukunta su zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37).

Ga mai riƙe da muƙami kuwa, sakatare ko ma'aji ko uwar zumunta, tun shekarar farko ka ɗauki wanda za ka koya wa aikin. Wa'adi na cika ka miƙa littafin kuɗi da makulli a ranar. Bayan nan ka ba magajinka wata shida ba ka ba shi shawara ba sai ya tambaya, kuma ka ci gaba da zuwa taron kana zama a bencin baya.