Tarihin Rayuwata (Kashi na 14): Makarantar da ta girmi Najeriya

A makon jiya na tsaya inda aka miƙa mini takardar wurin da zan yi hidimar ƙasa a Legas. Da na duba sai na ga CMS Grammar School, Bariga. Gabana ya faɗi. Makarantar mishan, ni kuwa ko Kudu ban taɓa takawa ba sai wannan karon.

Kwana uku da fara aiki, wani dattijon malami da muke teburi ɗaya ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, wace sakandare ce mafi tsufa a wajenku?" Na gyara zama na ce Barewa, tun 1921 a Katsina. Ya yi dariya har da buga tebur. Ashe tasu makarantar ta girmi tamu nesa ba kusa ba.

Ran 6 ga Yuni, 1859 aka buɗe wannan makaranta, da yara shida kacal. Wani limamin coci, Thomas Babington Macaulay, shi ya kafa ta, wani attajiri kuma, Kyaftin James Davies, ya ba da fam 50 na littattafai da kayan aiki. Daren nan na kasa barci ina ta lissafi. A 1859 ko Legas ɗin ba ta faɗa hannun Ingila ba, sai 1861. Sarki Abdullahi Maje Karofi ne bisa gadon Dabo a Kano. Ita kanta Najeriya sai 1914 aka haɗe ta. Shekara 62 ke nan suka ba Barewa rata, ni kuwa na zo ina tinƙaho.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan mai makarantar, Herbert Macaulay, wanda shi ma a nan ya yi karatu. Mutumin nan mai gashin baki da ke jikin tsohuwar naira ɗaya, wadda na sha damƙewa a hannu ban taɓa tambayar ko wane ne ba! A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, yana rangadin siyasa, aka mayar da shi Legas ya rasu.

Washegari na shiga aji na farko da alli a hannu, gwiwa na rawa. Yadda muka kwashe da yaran, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.