Dankalin Duna

Alhamis, tsakiyar hunturu, Damagaram.

Da na fito alwalar asuba na tarar da karenmu Duna a bakin garken awaki, ya naɗe kamar gammo a kan tsohon buhun da na shimfiɗa masa. Ya ɗago kai, ya kaɗa wutsiya sau biyu, ya mayar da kai. Sati uku da suka wuce ko wannan ɗagowar ba ya iyawa, shi ya sa na tsaya da buta a hannu ina kallonsa har sanyi ya fara cin yatsuna.

Ban taɓa rubuta abin da ya same shi ba, gara in rubuta yau. An yi suna a maƙwabta, aka aiko mana da shinkafa da miya mai yawa, albasa a ciki kamar ba da kuɗi aka saye ta ba. Abin da ya kwana, ƙanena ya juye wa Duna, kwana biyu a jere, shi a ganinsa gata ya yi masa. Bayan kwana uku kare ya daina cin abinci, yana haki ko bai yi gudu ba, fitsarinsa ya koma kalar shayi mai kauri. Likitan dabbobi na zuwa ya ɗaga leɓensa, muka ga dasashi fari fat. Tambayarsa ta farko ita ce ko ya ci albasa. Ya ce albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ba nan take abin ke nunawa ba, sai bayan kwanaki, lokacin da mutum ya manta da abin da ya ba shi. Shekara 9 muna zuba masa ragowar tukunya. Allah ne kawai ya tsare, don miyarmu ta yau da kullum ba ta kai ta biki albasa ba.

Tun daga ranar abincinsa daban: tuwon hatsi babu miya, da huhu ko tumbi da nake karɓowa wurin mahauta in dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba Maggi, ba yaji. Matsalar da ta rage ita ce yaran gida. Sun saba in suna cin abu su jefa masa, shi ma ya saba ya zauna gabansu yana kallon hannu. In na ce kada su ba shi komai, ba za su ji ba, don sonsa suke yi. Sai na ce to bari in sama musu abin da za su riƙa ba shi da ba zai cuce shi ba. Likitan ne ya ambaci dankali, namu na Hausa, wanda wasu ke cewa kudaku, dafaffe a busar.

Yau ranar kasuwa ce, ƙarfe 8 na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole. Ƙura ta rufe gari, ko duwatsun Birni da ƙyar ake hangowa. Dankali ya shigo sosai, kashi-kashi a ƙasa, yawanci mai farin ciki. Na zaga har na samu wata dattijuwa mai irin wanda cikinsa ke da kalar karas. Ta karya mini guda in gani. Wannan launin shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga mutum da kare duka, don haka na ɗauki kashi biyu, na ba da dala ɗari biyu. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya, duk mai baƙin tabo ko ramin tsutsa na mayar. Ta ce, “Ƴata, wannan zaɓe haka, na amarya ne?” Na ce, “Na mara lafiya ne, Iya.” Ta ƙara mini guda uku gyara, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Na ce amin, har cikin raina. Zaɓen kuwa dole ne, domin dankalin da ya fara ruɓewa ya yi fumfuna yana da dafi, ko shanu yana kamawa a huhu.

Ina zube kaya a tsakar gida Inna ta leƙo daga ɗaki.

“Faten dankali za mu sha yau ke nan?”

“Kashi ɗaya namu ne, Inna. Ɗayan na Duna ne.”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Abincin mutane, a wannan tsadar?”

Ban ga laifinta ba. Ita ta san shekarun da aka auna hatsi da gwangwanin tumatir a gidan nan. Na ce mata, “Inna, tun da Baba ya rasu shekara 4 ke nan, ko ɗan akuya ba a taɓa ɗauke mana ba, ga mu a bakin gari, ga katanga gajeruwa. Da mai gadi muka ɗauka, nawa za mu riƙa biya duk wata?” Ba ta amsa ba. Can ina wanke dankalin sai ga ta da madambacinta, ta ajiye kusa da ni, ta ce turarawa ya fi, in na dafa cikin ruwa zai yi laɓo ya ƙi yankuwa. Gaskiyarta kuwa.

Na kankare ƙasar da ruwa kaɗan, don famfo bai zo ba tun shekaranjiya, jarka biyu kawai muka saya wurin mai garuwa. Ruwan wankin na zuba wa bishiyar zogale. Na fere bawon sama-sama, awaki suka cinye. Sai na turara kamar minti 15, daidai yadda tsinke zai shiga amma da ɗan tauri a tsakiya. Nan ne duk dabarar take. Ɗanye bai dace da kare ba, yana da wuyar narkewa, kuma kare ba ya tsayawa tauna, haɗiya yake, babban gutsure na iya maƙale masa. In kuma ya nuna luguf, sai ya zama fate a hannu. Na bari ya huce, na yanka shi a tsaye, dogo-dogo, kaurin bai wuce rabin santimita ba. Na farko-farkon sun yi kauri, na sake raba su.

A intanet na ga masu tanda ta lantarki suna sa shi a zafin digiri 120 na ma'aunin Celsius, na awa biyu da rabi zuwa uku. Mu ba mu da ita, amma muna da abin da ya fi ta a wannan watan. Garin da ake shanya kilishi ba a koya masa busar da abu. Na hau da faifai uku saman rumfa, na jera yankan ba tare da wani ya hau kan wani ba, na rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, na danne gefe da duwatsu. Ƙanena na ɗora wa gadin hankaki da kaji. Tun da abin nan ya faru yaron bai sake sakewa ba, ko sunan Duna aka kira sai ya sunkuyar da kai. Da gangan na ba shi aikin. Ya zauna kan tsani da littafinsa na lakwal, bai sauko ba sai da aka kira azahar, sannan muka juya su tare.

Da la'asar Kawu ya biyo. Ya ga faifai a sama ya tambaya, aka gaya masa. Na zaci faɗa zai yi, don na san yadda mutane da yawa ke ɗaukar kare, abin jifa da kora. Ya tambaye ni ko kwanonsa daban ne, na ce daban ne, ba ya kusantar kayan girkinmu, ba ya shiga ɗaki. Ya ce to madalla, karen tsaron dabbobi da na gona da na farauta an yarda a ajiye su, kuma duk abin da mutum ya ɗaure a gidansa, cinsa da shansa na wuyansa. Ya kawo hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ciko takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sannan ya ce, “Ubanki a aljihun riga ya kawo shi daga Mirya, idonsa bai daɗe da buɗewa ba.” Ni na manta da wannan. Na shiga madafa na ɗan jima kafin in fito.

Kafin magariba gefen yankan ya naɗe, sun yi yauƙi-yauƙi kamar fata, amma tsakiya da sauran damshi. Na ɗebi kamar goma na ɗora kan waya bisa garwashin da ya rage bayan tuwo, wanda toka ta fara rufewa, ina juyawa, don in ga ko zai ci tun yau. Ban sa mai ba, ban sa komai ba. Ƙanshin ya cika gida, ƙananan suka taru, dole na ba kowa ɗaya. Ai abincin mutane ne, kamar yadda Inna ta ce.

Da ya huce na miƙa wa ƙanena na ce, “Kai za ka fara ba shi.” Ya tsuguna, ya ajiye a ƙasa gabansa. Duna ya sunsuna, ya ɗauka, ya koma kan buhunsa, ya danne da ƙafafun gaba yana ja da turamen haƙora. Ya daɗe a kai, abin da nake so ke nan. Da ya gama ya dawo ya zauna gaban yaron yana kallon hannunsa. Yaron ya yi dariya, karo na farko cikin sati uku.

Na tara su na kafa doka: yanka uku a rana, gidan gaba ɗaya, ba kowa uku ba. Likita ya ce irin wannan ɗan lasa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da kare ke ci a yini, ga shi dankali na da zaƙi, in ya yi yawa zawo zai sa shi. Nama ne ƙarfinsa, wannan marmari ne kawai. Na kuma sake jaddada musu kada su ba shi ƙashin kaza dafaffe, wanda ke tsagewa kamar allura, da ragowar miya ko wace iri ce.

Sauran na sauko da su saboda raɓa, na rufe a ɗaki. Gobe da hantsi za su koma rumfa, wataƙila har jibi, sai sun bushe sarai, don in da damshi a ciki kwana kaɗan za su yi fumfuna. Leda ba za ta yi ba, tana sa gumi. Inna ta ce akwai wata ƴar jakar tsumma ta Baba da yake zuba dabino, za ta nemo mini da safe.

Yanzu ƙarfe 10 ta wuce. Ina jin shi yana zagaya garke, ya yi haushi sau ɗaya wajen katangar gabas, muryar ta fara dawowa.