Abin da yoyon nauyi ya koya mini

A karatun fiziks, babu tambayar da ta riƙe ni kamar raunin ƙarfin jan nauyi. Ɗan ƙaramin maganaɗisu yana ɗaga allura alhali duniya sukutum tana jan ta ƙasa. Me ya sa ƙarfin da ke riƙe da taurari ya zamo mafi rauni?

A 1998 masana fiziks Nima Arkani-Hamed da Savas Dimopoulos da Gia Dvali suka ce wataƙila ba rauni ba ne, yoyo ne. Sararinmu mai tsawo da faɗi da zurfi tamkar tabarma ne da aka shimfiɗa cikin wani fili mai ƙarin fuskoki. Haske da lantarki da mu kanmu duk muna manne da shimfiɗar, nauyi kaɗai ke iya zurarewa waje. A 1999 Lisa Randall da Raman Sundrum suka zo da shimfiɗu biyu maƙwabta: nauyi na da ƙarfi a waccan, kafin ya iso tamu ya sirance.

Tunanin ya burge ni ƙwarai, har yanzu ma. Amma abin da ya zauna mini daga karatun shi ne tambayar da ke biyo baya: in yana yoyo, nawa ke ɓacewa, kuma a wace tazara? A dokar Newton, in ka ninka tazara sau biyu, jan nauyi kan koma kashi ɗaya bisa huɗu. In akwai ƙarin fuska ɗaya a buɗe, ɗaya bisa takwas zai koma. Ka ga magana ta sauko inda za a iya auna ta, kuma nan ne na fara girmama ta da gaske.

An kuwa auna. Masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun shafe shekaru suna gwada jan nauyi tsakanin abubuwan da suka kusa taɓa juna. A 2020 suka bayyana cewa dokar Newton na nan daram har zuwa tazarar mikromita 52, kusan kaurin silin gashi.

Ta ɓangaren nesa kuma, Dvali da Gabadadze da Porrati sun ba da shawara a 2000 cewa yoyon a tazara mai tsananin nisa yake faruwa. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka kama igiyar nauyi, wato girgizar da ke ratsa sarari, daga karon taurarin niyutiron biyu (ragowar manyan taurarin da suka mutu) a tarin taurari na NGC 4993, nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130. An ga hasken karon ma, wanda ya sa aka san nisan wurin. Da nauyi ya zurare a hanya, da igiyar ta iso da rauni fiye da yadda nisan ya nuna. Ba a ga wannan giɓin ba.

Hakan bai rushe tunanin baki ɗaya ba, ya dai ƙuntata masa wuri. Ƙarin fuskar da ta fi mikromita 52 ƙanƙanta sosai za ta iya kasancewa, gwajin bai kai can ba tukuna.