Abin da bakin filasma ya koya mini

Duk wanda ya fara karatun haɗa ƙwayoyin zarra don samar da lantarki, tsakiyar na'ura ce ke ɗauke masa hankali. Dole ma ta ɗauke. A ITER, babbar na'urar gwaji irin wadda ake kira tokamak, da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, so ake filasma, wato iskar gas da zafi ya raba ƙwayoyinta suka zama masu cajin lantarki, ta kai digiri miliyan 150, ninki goma na zafin da ke can cikin cibiyar rana ita kanta. Ba ƙarfen da zai taɓa wannan ya kai labari, shi ya sa ake riƙe ta da maganaɗisu a ɗaki mai siffar zobe.

Da karatu ya yi nisa, sai na ga ashe a bakin filasma ake yin ta. Layukan maganaɗisu na ciki rufaffu ne, ƙwayar da ta hau su kewaye kawai take yi. Amma akwai shimfiɗa ta ƙarshe da ke rufewa. Daga nan zuwa waje layukan a buɗe suke, duk abin da ya tsallako sai su kai shi ƙasan na'ura, wurin da ake kira daibata. Kamar indararo: ruwan rufin ɗaki kaf ta nan yake sauka. Zafin da ya tsere yana bin siririyar hanya ce mai faɗin 'yan milimita, ya daki wuri guda. Shi ya sa aka tsara daibatar ITER ta jure megawat 10 a kowace murabba'in mita, aka lulluɓe ta da tangistin, ƙarfen da sai a digiri 3,422 yake narkewa.

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na 1982, a na'urar ASDEX da ke Garching a Jamus. Fritz Wagner da abokan aikinsa suna ƙara wa filasma zafi, kwatsam sai hargitsin bakinta ya lafa, wani shinge mai faɗin 'yan santimita ya kafu, riƙon zafi ya kusa ninkawa. Lissafin kowa bai hango haka ba. Awo ne ya fara, bayani ya biyo baya. Tun da na karanta wannan, in awo ya saɓa wa lissafina ba na saurin cewa na'ura ce ta yi kuskure. Sai na zauna da shi tukuna.

Sai dai shingen ma da nasa rikicin. Matsi na taruwa a bayansa har ya fashe lokaci zuwa lokaci, ya watsa wa bango zafin da a babbar na'ura zai iya narkar da fuskar tangistin. Ga kuma tokar hiliyam, gas ɗin da haɗuwar ƙwayoyin ke bari, da dole ta sami mafita, in ba haka ba ta shaƙe wutar. A na'urar DIII-D da ke San Diyego a Amurka, maganin fashewar da aka gwada ya burge ni ƙwarai: ƙananan naɗin waya aka sa suka ɗan birkita layukan bakin da gangan, matsin ya riƙa tsiyaya kaɗan kaɗan, fashewar ta tsaya. ITER ma za a saka mata irin waɗannan naɗin a cikin ɗakinta.